Ƙaramar katafilar jan itace: damina biyu a hannuna, ga abin da na gani

Tun ranar da aka sauke min ƙaramar katafilar nan mutane ke tambayata wai ya take, ta cancanci kuɗinta kuwa, ko dai da tarakta kaɗai ma aikin zai tafi. Na ƙi ba kowa amsa sai da ta ci damina biyu da rani biyu a hannuna, saboda inji ba a yabonsa lokacin da fentinsa ke ƙyalli, sai ya sha laka ya sha ƙura, wani abu ya kwance ka ɗaure da hannunka, sannan zaka san halinsa. To yanzu kam ina da bakin magana.

Bari in fara da irin wurin da nake aiki don shi ne kan zancen gaba ɗaya, wanda ƙasarsa ba irin tawa ba ce lissafinsa zai bambanta da nawa. Gandun itatuwa ne nawa na kaina, hekta goma da ɗan wani abu. Wajen rabi tudu ne mai tsakuwa, ko an kwana ana ruwa da hantsi zaka iya shiga da mota, sauran rabin kuma gangare ne da ya sauka cikin wani kwari inda ruwa ke kwanciya, ƙasar wajen baƙa ce mai laushi kuma a nan ne manyan itatuwan suke, ka san itace ba ya ƙin ruwa. Ni ba katako nake fitarwa ba, itacen wuta ne zalla, na amfanin gida da ɗan abin da ya yi saura in sayar. Abin da nake sarewa su ne matattu, da waɗanda iska ta kayar, da karkatattun da ba za su taɓa zama komai ba, sai kuma inda suka cunkushe suna hana na kirki samun rana in rage su. Miƙaƙƙun masu lafiya bana taɓa su, don su nake duk wannan wahalar.

Shekara da shekaru tarakta ce kawai ke min aikin, matsakaiciya mai ƙarfin doki 35, fowil, da bokiti a gaba da winci (injin jawo kaya da waya) a baya. Ban raina mata ba ko kaɗan, har gobe ita ce uwar aikin. Abin da ya tura ni neman inji mai tafiya kan sarƙa maimakon taya shi ne wata damina da na yi gaggawa na shiga kwarin nan ƙasa bata gama tsotsewa ba, sawu huɗu ko biyar kacal na yi da tirela, amma tayoyin suka haƙa min kwari biyu a jere da suka kai kusan gwiwa a wani wajen. Na ɗauka in rani ya zo ƙasa zata koma yadda take. Ina! Ruwa ya samu hanya, duk saukar ruwa sai ya bi sawun tayar nan yana ƙara zurfafa shi yana kwashe ƙasa yana kaiwa ƙasan kwari, kuma itatuwa uku da ke bakin hanyar da tayar ta datse musu jijiya bayan shekara biyu sai ga kansu ya fara bushewa daga sama. Abin ya tsaya min a rai wallahi, saboda itacen da na kwaso a ranar ko wata biyu bai yi ba ya zama toka, ɓarnar kuwa har yau in na bi ta wajen ina ganinta.

Ita dai wannan da na saya ba katafilar gyaran titi ba ce, kar wani ya hango wani ƙaton abu. Ƴar ƙarama ce, faɗinta mita ɗaya da ɗan kaɗan, nauyinta ba kaya wajen kilo 450, injin fetur ne mai silinda ɗaya mai ƙarfin doki 13, sarƙar roba hagu da dama, kuma ba hawa ake ba, akwai dogon hannu a gaba da kake riƙewa kana tafiya tana biye da kai, in ka karkata hannun hagu ta bi hagu, in ka saki ta tsaya cak. A bayanta akwai wurin ɗora kan gungume da ƙarafunan tare kaya, da ɗan ƙaramin winci nata na jawo gungumen ya hau, sannan akwai ƴar tirela mai taya da ake haɗa mata in ana son ɗauke itacen gaba ɗaya daga ƙasa. Wanda ya fi suna a irin wannan ƙirar shi ne Iron Horse na kamfanin Lennartsfors da ke Suwidin, can ne masu ƙananan gandu suka daɗe suna amfani da irinta. Tawa ta wani kamfani ce daban amma tsarin kusan ɗaya ne, kuma abin da zan faɗa a nan kan tawa nake magana.

Wani abu da ya burge ni da na bi tarihin abin, ashe sarƙar ma tun farko jan itace na cikin abin da ya haife ta. Wani Alvin Lombard a jihar Maine ta Amurka shi ya yi rajistar motar tururi mai tafiya kan sarƙa a 1901, kuma gumagumai take ja daga daji a kan ƙanƙara. Bayan shi Benjamin Holt ya gwada tasa a Kalifoniya a 1904 saboda manyan injunansa masu ƙafar ƙarfe suna nutsewa a ƙasa mai laushi, daga baya a 1925 kamfaninsa ya haɗe da na Best suka zama Caterpillar, sunan da muka lanƙwasa ya koma katafila. Kenan matsalar da ta dame ni a kwarina ita ce dai ta dame su sama da shekara ɗari da suka wuce, nauyi a kan ƙasar da bata iya ɗauka.

To a nan ne kuma injin nan ya cika alkawari, kuma ina so in tsaya a kai sosai don shi ne dalilin sayenta. Taya tana danna ƙasa ne da ƙarfin da ya yi kusa da iskar da ke cikinta, in ka hura wa tayar tarakta iska bar ɗaya a ma'aunin iska to kusan kilo ɗaya kenan take dannawa kan kowane santimita murabba'i, tayar tirela da ake cika wa iska tam kuwa ta fi haka nesa. Na ɗauki tef na auna sarƙar tawa, abin da ke taɓa ƙasa wajen mita ɗaya ne a tsawo, santimita 30 a faɗi, guda biyu sun ba ka santimita murabba'i 6000. Ka ɗora mata kaya har ita da kayan su kai tan ɗaya, ka raba, zaka ga kashi ɗaya cikin shida na kilo ne ke sauka kan kowane santimita. Ba sai da lissafi ba ma ido na gani, inda takalmina ke lumewa har idon sawu ita sai ta wuce ta bar zanen sarƙa kawai a kan ganye, bayan sati biyu in ba ka san wajen ba ba zaka ce wani abu ya bi ba. Kuma ba maganar kyan gani ba ce kaɗai. Jijiyoyin da itace ke shan ruwa da abinci da su yawancinsu a sama-sama suke, cikin taƙi ɗaya ko biyu na saman ƙasa, ba can ƙasa ba kamar yadda mutane ke zato, in ka danne ƙasar nan ta daskare iska bata shiga ruwa baya ratsawa, itacen yana tsaye kore shar amma an riga an shaƙe shi. Sannan mafi yawan dannewar a sawun farko-farko take faruwa, shi yasa masu cewa ai sau biyu kawai zan bi suke yaudarar kansu, sau biyun nan sun gama aikin. Ƙasar da aka danne kuma shekaru take ɗauka kafin ta saki.

Abu na biyu da na ji daɗinsa shi ne shiga lungu. Da tarakta sai na share hanya mai faɗin aƙalla mita biyu da rabi zuwa uku, ma'ana sai na sare itatuwan da ban yi niyya ba don kawai in kai ga wanda nake so. Wannan kuwa inda mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa to zata wuce, ina zagaye ƙananan da ke tasowa in bar su a tsaye. Kuma da yake kan gungumen a ɗage yake a bayanta, ko ma gaba ɗayansa na kan tirela, baya wulwulawa yana bugun gindin na tsaye. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane zafin wannan ba, ka ja gungume da waya ya goge ɓawon wani miƙaƙƙen itace da ka shekara ashirin kana kallo, farin jikinsa ya fito, ta wannan ciwon ruɓa ke shiga ta cinye shi daga ciki, ko ya rufe daga waje cikin ya riga ya tafi. Tunda na fara aiki da ita irin wannan raunin ya ragu ƙwarai da gaske.

Ga kuma wata riba da ban ma yi tunaninta ba lokacin saye, itace na zuwa fes. Gungumen da aka ja a ƙasa yana cika ɓawonsa da yashi da tsakuwa, kana sa masa injin zarto yanka biyu uku haƙoran sun dakushe, maimakon ɓarɓashi manya-manya sai ka ga gari na fita kamar ƙura, ka tsaya ka ɗauko fayil. A da a wuni ina wasa haƙori ba adadi, yanzu sai in ƙarar da tanki biyu ko uku ban taɓa fayil ba. Ƙanena da muke aikin tare shi ya fara lura, rannan yana yanka ya ɗago ya ce min, Yaya ka ga yau tun safe ban wasa ba kuma har yanzu tana ci. Na ce masa ai itacen ne bai ci ƙasa ba.

Yanzu kuma inda ta gaza, don ba zan ɓoye ba.

Nawa gare ta. Tafiyarta tafiyar mutum ce, kuma kai ma tafiyar kake, kowane sawu da ƙafarka zaka je ka dawo. In nisan mita ɗari ne ko ɗari biyu ba komai, amma daga ƙarshen kwarina zuwa inda nake tara itace ya haura mita ɗari biyar, a satin farko na ce bari in riƙa kaiwa har can da ita, kafin la'asar ƙafafuna sun yi nauyi ga itacen da na tara bai taka kara ya karya ba. Kuma mutane basa gane nauyin ɗanyen itace. Mita kubik ɗaya na ɗanyen itace mai tauri ya kai tan ɗaya ko kusa, gungume mai kaurin santimita 40 da tsawon mita 4 rabin kubik ne, wato wajen kilo 500 shi kaɗai. Irinsa ɗaya ko biyu to kayanta sun cika, alhali tirelar tarakta zata kwashi ninkin ba ninkin a sawu ɗaya kana zaune. Duk wanda ya ce maka zata maye gurbin tarakta a wurin da tarakta ke iya shiga, bai yi aiki da su biyun ba.

Sai juyawa. Wannan ne abin da masu sayarwa basa faɗa. Eh sarƙa bata nutsewa in tana tafiya miƙe, amma in ka juya ta a wuri ɗaya, gefe ɗaya ya tsaya ɗayan na tafiya, sai ta kankare saman ƙasa kamar an sa fartanya, ganye da ciyawa da ƙananan jijiyoyi duk ta tattare su gefe. Sai da na koyi yin kwana mai faɗi, ko in yi gaba kaɗan baya kaɗan, inda kuma dole sai na juya a matse sai in shimfiɗa rassan da na sassabe in juya a kansu. Da ma rassan nan kar ka kwashe su daga hanya, shimfiɗa su inda ƙasa ta fi laushi, suna ɗaukar nauyi kuma daga baya su ruɓe su koma taki.

Sarƙar kanta kuma tana son kulawa fiye da taya. Sau biyu ta fita min, duka biyun a gefen gangare ne da kaya, kututture ya tokari gefenta ina cikin kwana sai kawai na ji ƙara ta zame daga kan rolarta. Mayar da ita a cikin daji ba wasa ba ne, sai ka sauke kayan, ka ɗaga gefen da jak ko ka sa gungume ka bankara, ka sassauta abin ɗaurin, ka sa ƙarfe ka tura ta kan haƙoran sannan ka sake ɗaurewa, na farkon ya ci min fiye da awa ɗaya, na biyun da na san kan abin bai kai haka ba. Daga nan na mayar da shi ƙa'ida duk safiya kafin in tayar da inji sai na duba tsaurin sarƙar, in ta saki in ƙara, amma ba a ɗaure ta tamau don tana cin boris da rola. Da yamma kuma a sa sanda a ƙwaƙule laka da ƴan sanduna da ke maƙalewa tsakanin rolar, in ka bari suka bushe a ciki gobe da safe rolar ta ƙi juyawa sarƙar ta riƙa gurzarta. Dutse mai kaifi shi ne babban maƙiyinta, a tudun nan nawa mai tsakuwa na ga yadda ya fara tsattsaga gefen robar, shi yasa yanzu bana kai ta can sam, tarakta ce ke can. Wani abin da ban so ba a tawa, wuraren shan giris guda biyu an ɓoye su ta ƙasa inda sai ka kwanta kafin bindigar giris ta kama, da kuma tiyon mai da aka bi da shi ta inda reshe ke iya fizgarsa, na sa masa kariya da kaina. Ƙananan abubuwa ne amma wanda ya zana injin daji ya kamata ya san daji da rassa yake. Kayan gyaranta ma ba a kowane shago ake samu ba kamar na tarakta, bel ɗaya na taɓa jira kwana da kwanaki inji na ajiye, tun daga nan nake ajiye safaya.

A gangare kuwa na fi samun natsuwa da ita nesa ba kusa ba, saboda a ƙasa-ƙasa take kuma ba a kanta nake ba, ko da Allah ya kiyaye ta kife ni ina gefe. Amma a kula, in ana gangarowa da kaya kai ne a gabanta, kayan na bayanta suna turowa, don haka giyar ƙasa, sannu a hankali, a miƙe ba a karkace ba, kuma ka duba inda zaka taka kafin ka taka don in ka yi tuntuɓe ka saki hannun zata tsaya amma jiƙaƙƙen gangare na iya jan ta ta ɗan zame. Bana barin kowa ya tsaya ta ƙasan kaya, ko ƙanena ne sai ya hau ta sama.

Tunda an zo maganar haɗari bari in faɗi ta tarakta don ita ce ke cin rai, kuma abin na damuna in na ga yadda wasu ke yi. Mutum ya ɗaura sarƙa a sama, can wajen hannun tsakiya na maƙalar baya, wato inda ake maƙala wa tarakta garma, ya ja gungume, gungumen ya tokari kututture ya tsaya, tayoyin baya su samu riƙo, to ƙarfin injin maimakon ya juya taya sai ya juya taraktar kanta, gaba ya tashi sama ta kifo da baya kan direba. Ƙasa da sakan ɗaya take kaiwa inda ba dawowa, ƙafarka bata isa ta kai kuloci ba. Ja daga ƙarfen ja na ƙasa ake yi, ƙasa da gatarin baya, nan kaɗai. Harry Ferguson da ya ƙirƙiro maƙalar nan mai hannu uku don garma ya yi ta, ba don a rataya sarƙa a samanta ba. Sannan bakan ƙarfen nan na saman kujera kar a cire shi ko a naɗe wai yana kama rassa, a sare rassan mana. Suwidin ce ta fara wajabta shi kan sababbin taraktoci tun 1959 kuma mace-macen kifewa suka faɗi warwas a can. Shi ma sai da bel ɗin kujera yake aiki, in ba ka ɗaura ba zai wurga ka ne ƙarfen da aka sa don ya cece ka ya danne ka.

Abin da zan gaya wa duk mai gandu kafin ya yi tunanin sarƙa shi ne ya fara sayen winci na bayan tarakta, in bai da shi. Gaskiya tsakani da Allah in aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin wincin da katafilar, wincin zan riƙe. Shaf ɗin baya ne ke juya shi, mai zagaye 540 a minti, kana kafa farantinsa a ƙasa ka ja birki, taraktar na tsaye kan busasshiyar hanya kai kuma ka ja waya mita 50 ko fiye cikin daji ka shaƙe gungume ka jawo, tayar bata taka ko'ina ba. Irin su Farmi na Finlan da Tajfun na Sulobeniya sun yi suna a wannan fannin, ƙananan suna jan tan uku zuwa huɗu da wani abu. Sai dai a sani ƙarfin da aka rubuta na lokacin da wayar ke warware ne, zagayen farko kan ganga, tana ƙara naɗuwa ƙarfin na raguwa. Kar kuma a ja daga gefe sosai, in kwanar ta wuce digiri 30 zata iya ɗaga tayar gefe, a nemi fuli, ƴar ƙafar ƙarfen da waya ke bi ta kanta, a ɗaura a gindin wani itace da maɗauri mai faɗi wanda ba zai ci ɓawo ba a karkatar da wayar, fulin nan in ka maƙala shi jikin gungumen ka mayar da bakin wayar ka ɗaure a itace ma ninka ƙarfin jan yake. Kuma ba a tsayawa cikin kwanar waya, in wani abu ya tsinke nan zai biyo. Matsalar winci ɗaya ce zuwa biyu, gungumen a ƙasa yake jan ciki yana kwasar ƙasa, sannan inda wayar ta ƙare nan ikonka ya ƙare. Tsakiyar kwarina ya kai mita 150 daga hanya mafi kusa, kuma ba zan sake yanka hanya a wajen ba.

Don haka yadda muke yi yanzu raba musu aiki muka yi. Katafila na ciki tana fito da itace daga lungu da dausayi zuwa bakin hanya, gajeren zango, mu jibge a nan kan wasu sanduna biyu don kar ya taɓa ƙasa, in ya taru kuma hanya ta bushe tarakta ta zo da tirela ta kwashe a sawu kaɗan. Tunda muka koma haka na daina jin haushin nawarta, don mita ɗari zuwa ɗari da hamsin kawai take yi ta dawo. Man da take sha ma kaɗan ne, ƴan litoci sun ishe ta wuni, kuma ana iya ɗora ta a ƙaramar tirela a kai ta wani wajen.

Babban abin da ta canja min shi ne lokaci. Da sai in zauna jiran ƙasa ta bushe, in makara da sara, in makara da faskare, lokacin buƙata ya zo itacen bai gama bushewa ba. Ɗanyen itace wani kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, in ba haka ba wutar ta ƙare wajen dafa ruwan da ke ciki, sai hayaƙi da tsiyayar kumfa a bakin itacen da baƙin kwalta a bututun hayaƙi. A gungume kuma ba ya bushewa da wuri, sai an yanka an faskara an jera a inda iska ke ratsawa, sama a rufe gefe a buɗe, mai taushi ya yi wata shida zuwa shekara, mai tauri sosai har shekara biyu yana kaiwa. Ina da ƴar na'urar auna danshi mai allura biyu, kuma in zaka auna sai ka sake faskara guda ka soka a sabuwar fuskar, na waje ƙarya yake maka. Bana na auna jerin da muka fitar da katafila tun ƙasa na jiƙe, wata uku kafin lokacin da na saba farawa, duk wanda na tsaga danshinsa kashi 17 ne ko 18, ban taɓa samun haka a kan kari ba.

To wa zan ce ya saya? Wanda gandunsa shimfiɗaɗɗe ne busasshe mai hanyoyi, ya riƙe kuɗinsa, tarakta da winci da tirela sun ishe shi har ya ba maƙwabci aro. Wanda itacen da yake fitarwa ɗan kaɗan ne na gida kawai, ya ɗauki haya na sati ɗaya a shekara in ana bayarwa a kusa da shi, ya fi masa. Wanda kuma yake son fitar da itace da yawa don kasuwa wannan ta yi masa ƙanƙanta, babba zai nema. Amma mai irin ƙasata, dausayi da gangare da itatuwa a matse da kake son ka bar wa na baya a tsaye da lafiyarsu, in ka yarda da tafiyar ƙafa kuma ba ka ƙyashin duba sarƙa kullum safiya, zan ce ka saya, kuma ka haɗa da tirelarta tun farko kar ka ce sai daga baya, ka karɓi bel da rola na safaya a ranar. Ni da za a mayar da ni baya zan sake saye, sai dai zan nemi wadda wuraren giris ɗinta ke waje.

Tsohon sawun tayar nan kuwa mun cike shi da rassa da guntayen gumagumai, mun yanka ƴan magudanai a gicciye don ruwan ya riƙa fita gefe maimakon ya bi tsawonsa, bana na ga ciyawa ta fara kama bakinsa. Cikin itatuwa ukun da suka fara bushewa biyu sun tafi, na sare su watan jiya, da katafilar na fito da su ta gefen ɗayan da ya rage.